Ƙaramar Bindiga a Ƙarƙashin Riga: Abin da Ake Nufi da Cewa Ba Ta Cijewa

A majalisarmu ta bayan sallar isha'i, nan kusa da Ƙofar Ƙaura, an daɗe ba a watse ba sai an taɓo zancen tsaro, kuma a 'yan shekarun nan zancen yakan gangaro kan ƙaramar bindiga, wadda wasu ke kira fistol. Wani ɗan kasuwa da ke bin hanyar Jibiya duk mako ya nuna mana bidiyo a wayarsa, inda wani Ba'amurke ya binne fistol a cikin yashi, ya tono ta, ya kakkaɓe, sannan ya harba ta har harsashi ya ƙare ba tare da ta cije ba. Abin da ya ɗauka daga bidiyon shi ne cewa wanda ya samu irin wannan ya soke a ƙugu, to ya gama da fargabar hanya. Ban ga laifinsa ba, domin wanda ya san abin da mutanen Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari suka gani, ya kuma tuna daren da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, ba zai yi mamakin mutum ya so abin da zai kare kansa da shi ba. Amma na daɗe ina karatu a kan wannan makami, kuma abin da na fahimta ya saɓa wa abin da bidiyon ke nunawa: amincin ƙaramar bindiga ba a jikin ƙarfenta kaɗai yake ba, ya rataya ne a kan abubuwa da dama da ke wajenta, kuma gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon yadda take ƙin yafe kuskure.

Kafin a shiga cikin ƙarfen, wajibi ne a faɗi matsayin doka, domin da yawa daga cikin masu wannan zance ba su san shi ba. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin ta maharba da ta 'yan bindigar Sarki da ke cika gari da ƙara ranar hawan Sallah, tana rukunin da kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da hurumi a kai. Bindigar farauta tana rukunin da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsa. Ita kuwa fistol, da 'yar'uwarta libarba, an sa su ne a rukunin farko na haramtattun makamai, wuri ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti, kuma Shugaban Ƙasa ne kawai ke da ikon ba da izinin riƙe su. Wanda aka kama da ita ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Ko da tsohon gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira a 2021 cewa jama'a su tashi su kare kansu, kiran nasa bai sauya harafi ɗaya a wannan doka ba, domin lamarin makamai na tarayya ne. Saboda haka waɗanda ke yawo da fistol a ɓoye bisa halal a Katsina kusan duka jami'ai ne: 'yan sandan ciki, 'yan farin kaya, da masu tsaron lafiyar manya. Bidiyon da ke yawo a wayoyinmu kuwa daga Amurka suke fitowa, ƙasar da kundin tsarin mulkinta ya ba ɗan ƙasa 'yancin mallakar makami, kuma Kotun Ƙolinta ta tabbatar a 2022 cewa 'yancin ya haɗa da fita da shi waje.

Yanzu ga yadda take aiki. Fistol ta zamani tana amfani da ƙarfin harbin da ta yi ne don ta shirya harbi na gaba. Idan aka ja kunama, wata allura ta bugi gindin harsashi, albarushi ya kama, dalma ta fita ta bututu. Ƙarfin da ya tura dalmar gaba shi ne yake tura murfin sama na bindigar baya, wanda masu harkar ke kira silaid. A tafiyarsa ta baya zai fizgo kwanson da ya ƙone ya wurgar da shi waje, ya matse wani sifirin da ke ƙarƙashin bututu. A dawowarsa kuma zai kwaso sabon harsashi daga bakin magazin, wato gidan da ake jera harsasai a ciki, ya tura shi cikin ɗakinsa, ya kulle. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido, kuma yawancin fistol ɗin da ake ƙerawa yau suna bin tsarin da Ba'amurke John Browning ya shimfiɗa tun farkon ƙarni na 20. Abin lura shi ne cewa wannan zagaye ma'auni ne tsakanin abubuwa huɗu: ƙarfin albarushi, nauyin silaid, taurin sifirin, da saurin da magazin ke ɗago harsashi na gaba. Idan ɗaya ya yi rauni ko ya wuce kima, sai kwanso ya maƙale a ƙofa, ko sabon harsashi ya shiga a karkace, ko silaid ya dawo bai kulle ba. Wannan shi ne cijewa.

A nan ne ƙanƙanta ke shigowa. Glock 17, wadda Gaston Glock ya ƙera wa sojojin Austiriya a farkon shekarun 1980, tana cin harsashi 17. A 1988 kamfanin ya fitar da Glock 19, wadda aka rage wa tsawo da mariƙi, bututunta milimita 102, tana cin harsashi 15, kuma har yau ita ce ma'aunin da ake gwada sauran matsakaitan fistol da shi. Bayanta aka yi Glock 26 mai cin 10, sannan a 2018 kamfanin SIG Sauer ya fitar da P365, wadda ta cusa harsashi 10 a jikin da bai fi tafin hannu da yawa ba. Dukansu harsashi iri ɗaya suke ci, wato mai milimita 9 wanda Georg Luger ya tsara a Jamus fiye da shekara 120 da suka wuce. To, idan albarushi bai ragu ba amma silaid ya gajarce ya kuma yi sauƙi, dole ya yi gudu fiye da na babbar bindiga, kuma tazarar da zai yi tafiya a cikinta ta ragu. Ma'ana lokacin da magazin ke da shi na ɗago harsashi ya ƙara ƙanƙancewa, sifirin kuma yana shan wahala fiye da kima yana saurin gajiya. Injiniyoyi sun yi dabaru, kamar sanya sifirin biyu ɗaya cikin ɗaya, kuma ƙananan fistol na manyan kamfanoni a yau suna da aminci ƙwarai idan sababbi ne kuma ana kula da su. Sai dai ratar da babbar bindiga ke da ita ta jure datti, ko raunin harsashi, ko sakacin hannu, ita ƙaramar ba ta da ita.

Abin da ya fi jawo cijewa, a bakin da yawa daga masu koyar da harbi, magazin ne, ba bindigar kanta ba. Leɓɓansa biyu na sama su ne ke riƙe harsashi a daidai kusurwar da zai shiga, kuma faɗuwa ɗaya a kan siminti tana iya lanƙwasa su yadda ido ba zai gani ba. Akwai darasi a kan wannan wanda ya shafe mu kai tsaye. Sojojin Amurka sun karɓi Beretta M9 a 1985 bayan gwaje-gwaje masu tsanani, amma da aka kai ta yaƙin Iraƙi sai ƙorafi ya yi yawa cewa tana cijewa. Da aka bincika sai aka gano cewa wasu magazin da aka yi kwangilarsu an shafe su da wani rufi mai kaushi wanda ke kama rairayi mai laushi, har harsasai su kasa motsi a ciki. Bindigar lafiyarta ƙalau, abin da ke ciyar da ita ne ya shaƙe. Duk wanda ya taɓa share tagar ɗakinsa da safe a watan Janairu a Katsina, ya dawo da la'asar ya iya rubuta sunansa a kanta da yatsa, ya san irin ƙurar da ake magana. Ƙurar hunturu ba yashin da Ba'amurken nan ya binne bindigarsa a ciki ba ce. Shi wancan tsakuwa-tsakuwa ne, ana kakkaɓewa ya zube. Tamu kuwa gari ce, tana bin kowace kafa, kuma idan ta haɗu da mai sai ta zama kamar ƙullu.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da mai son kayansa ya fi yi, wato cika wa bindiga mai. Mu mutane ne da muka saba da keken ɗinki da injin markaɗe da sarƙar babur, inda yawan mai alheri ne. A fistol ɗigo kaɗan ake so a wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe, ramin allura kuwa a bushe ake barinsa, domin idan mai da ƙura suka taru a ciki sai allurar ta rage gudu, ta taɓa gindin harsashi ba ta fasa shi ba. Man da ya kwarara kan harsashi ma yana iya ratsawa ya kashe shi. Idan hunturu ya wuce kuma sai bazara ta zo da tata matsalar. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, abin da ke manne da fatar mutum daga safe zuwa dare yana wanka ne da gumi, gumi kuwa gishiri ne. Jikin roba na Glock ba ya tsatsa, kuma ƙarfenta an yi masa rufi mai ƙarfi, amma ƙananan sifirin na ciki, da maɓallin sakin magazin, da ƙusoshin saiti duk suna iya ci. Tsofaffin bindigogi masu jikin ƙarfe zalla, irin Makarov ta Rasha ta 1951 ko Browning Hi-Power ta 1935, sun fi saurin nuna ja a jikinsu.

Harsashi shi ma yana da rai da ajali. Wanda aka ajiye a wuri mai sanyi busasshe yana daɗewa shekaru, amma wanda ya kwana a motar da ke tsaye a rana, ya sha damina ya sha gumi, ba a san halinsa ba sai ranar da aka ja kunama. Akwai kuma wata illa da ba kowa ya sani ba. Jami'in da ke cire harsashi daga ɗaki kullum dare, ya mayar da shi kullum safe, yana sa hancin dalmar ya riƙa dukan gangaren bututu, a hankali dalmar ta nutse cikin kwanso. Idan ta nutse, wurin da albarushi zai ƙone ya matse, matsin ya hau sama da abin da aka ƙera bindigar ta ɗauka. Shi ya sa a wuraren da ake bin ƙa'ida ake harbar da harsashin aiki a filin horo lokaci zuwa lokaci a karɓi sabo. Mutumin da ya sayi 'yan ƙwayoyi a bayan fage, bai san shekarar da aka yi su ba, bai san inda suka kwana ba, kuma ba shi da inda zai gwada ko ɗaya, ba shi da hanyar sanin ko abin da ke ƙugunsa zai tashi.

Sai hannu, wanda a ganina shi ne rabin zancen. Domin silaid ya ja baya yadda ya kamata, sai jikin bindigar ya samu abin da zai jingina da shi ya tsaya, wato wuyan hannu mai tauri. Idan riƙon ya yi sako-sako, sai bindigar gaba ɗaya ta bi shurin ta koma baya, ƙarfin da zai kammala zagayen ya salwanta, kwanso ya tsaya a ƙofa. Bindiga mara nauyi ta fi fuskantar wannan, kuma lokacin da mutum ya fi buƙatarta shi ne lokacin da riƙonsa ya fi lalacewa: yana gudu, ko ya faɗi, ko hannu ɗaya yake da shi domin ɗayan yana riƙe da sitiyari ko da yaro. Gajeren mariƙi yana barin ƙaramin yatsa a iska, kuma wannan yatsan da ake rainawa yana da babban rabo wajen hana bakin bindiga tashi sama. Ga kuma lissafin kunama. Kunamar Glock tana buƙatar jan da ya kai wajen kilo biyu da rabi, alhali bindigar da harsashinta ba ta kai kilo ɗaya ba. Wato yatsa yana jan abin da ya ninka nauyin makamin fiye da sau biyu, kuma ana so makamin ya tsaya cak. Tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya a matsakaiciyar fistol kamar santimita 15 ce. Kuskuren milimita ɗaya a wurin saiti yana zama kusan santimita 7 a nisan mita 10, ya zama wajen 17 a nisan mita 25. A kasuwar Charanci ranar Lahadi, ko a bakin tasha, santimita 17 ita ce bambanci tsakanin wanda aka nufa da mai tallan da ke bayansa. Ba a samun wannan natsuwa ta hannu sai da harba ɗaruruwan harsasai a gaban malami, a kuma ci gaba da maimaitawa, domin ƙwarewar tana dushewa idan aka bar ta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani ɓangare da babu littafin Turawa da zai yi mana bayaninsa, shi ne suturarmu. Duk tsarin ɓoye fistol an gina shi ne a kan wando mai bel mai tauri, wanda kuben bindiga zai kama ya zauna daram, yadda idan aka zaro ta kuben zai tsaya a wurinsa. Wandon Bahaushe kuwa zariya gare shi. Zariya ba ta ɗaukar nauyin kusan kilo ɗaya a gefe guda ba tare da ta saki ko ta karkace ba. Kaftani da babbar riga suna ɓoye abu fiye da kowace kwat, wannan gaskiya ne, amma abin da ya ɓoye da kyau shi ne yake da wuyar kaiwa gare shi, domin sai an tattare yadi har gwiwa kafin hannu ya isa ƙugu. Daga nan sai mutum ya ga sauƙi ya jefa ta a aljihun gefe tare da makulli da carbi da goro, kuma wannan shi ne mafi haɗarin abin da za a iya yi. Fistol irin Glock ba ta da maɓallin kariya na waje wanda ake turawa da babban yatsa, kamar yadda Makarov take da shi. Tana da kariya uku a ciki waɗanda ke hana ta tashi idan ta faɗi, amma dukansu suna buɗewa da zarar wani abu ya ja kunama, kuma bindigar ba ta san bambancin yatsa da makulli ko lanƙwasar shadda ba. Kube mai tauri da ya rufe kunama ruf shi ne kariyarta ta gaskiya. A ƙara da cewa Musulmi yana tsugunawa alwala, yana ruku'u da sujada sau da yawa a yini, kafaɗa da kafaɗa da mutane a sahu, yana hawa babur yana sauka, yana zama a tabarma. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan motsi gwaji ne ga kuben da ke riƙe da makamin, kuma wanda ke bayansa a sahu bai san abin da ke fuskantarsa ba.

Ko kariyar cikin ma ba a ɗauke ta a matsayin abin da aka gama da shi ba. A 2017, shekarar da sojojin Amurka suka zaɓi SIG P320 ta maye gurbin Beretta, an nuna cewa samfurin da ake sayar wa jama'a yana iya tashi idan ya faɗi ta wata kusurwa, har kamfanin ya buɗe shirin gyara wa masu ita kyauta. Idan wannan ya samu kamfanin da ke da injiniyoyi da ɗakunan gwaji, ba sai an yi dogon bayani a kan fistol ƙirar gida ba, wadda ba a san irin ƙarfen bututunta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ke faruwa bayan an dawo gida. Gidajenmu ba na mutum biyu ba ne. Akwai 'ya'ya da jikoki da 'ya'yan maƙwabta da almajirai masu shiga da fita, kuma babu ƙarƙashin katifa ko saman kwaba da yaro ɗan shekara bakwai bai san da shi ba. Yawancin harbin kuskure yana faruwa ne ba a fagen fama ba, a'a, lokacin cirewa da mayarwa da gogewa. Mutum zai zare magazin ya ɗauka bindigar ta zama fanko, ya manta da ƙwaya ɗaya da ke zaune a ɗaki, kuma kwance Glock don wankewa yana buƙatar a ja kunama. Saboda haka masu koyarwa ke nanata ƙa'idojin da Kanar Jeff Cooper ya yaɗa: a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗananniya, kada bakinta ya kalli abin da ba a yarda a hallaka ba, yatsa ya nisanci kunama har sai an yi saiti, kuma a san abin da ke bayan abin da aka nufa. Ta ƙarshen nan tana da nauyi a unguwannin cikin birni, inda ƙofar langa-langa ko labule ne kawai tsakanin ɗaki da tsakar gida.

Idan aka dawo kan ɗan kasuwarmu na hanyar Jibiya, tambayar da ta rage ita ce ko wannan makami, a ce ma komai nasa ya cika, yana amsa matsalar da ke gabansa. Masu tare hanya suna zuwa ne da yawa a kan babura, da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda dalmarta ke fita da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa, ninki biyu na gudun harsashin fistol, kuma tana cimma mutum a nisan mita 300. Fistol an yi ta ne domin abin da ya auku a tazarar 'yan taku, domin jami'in da aka rutsa ya samu ya kuɓuta ko ya kai ga babbar bindigarsa. Wannan ne ya sa da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023, ta bi hanyar tara mutane ƙungiya, da horo da shugabanci da motoci, suna aiki tare da sojoji da 'yan sanda.

Su kuwa jami'an da aikinsu ya wajabta musu ɗaukar ta a ɓoye, abin da nake so hukumominsu su duba ƙanana ne kuma masu yiwuwa. A ba kowane jami'i kube mai tauri wanda aka yi domin samfurin bindigarsa, da bel ɗin da zai ɗauke shi ko da a ƙarƙashin kaftani ne. A sa wa kowane magazin lamba, domin wanda ya cije sau biyu a gane shi a fitar da shi daga aiki. A riƙa canza sifirin da harsashin aiki a kan lokaci, ba sai sun nuna gazawa ba. Ranar zuwa filin harbi kuma a sanya ɗaya a tsakiyar hunturu, ɗaya a tsakiyar bazara, jami'i ya zo da kayan da yake sawa a bakin aiki, ya zaro bindigar daga inda ta kwana mako guda ba tare da an goge ta ba, ya harba ta a haka.